Ranar da Inno Ta Sayi Nono

"Ni na fara gano cewa so ba ya kama mutum biyu sai sun saɓa a komai," in ji Malam Dawuda. "Kafin ni, duk ƙasar Katsina aure kawai ake yi."

Yana kwance ne a zaurensa, ƙafafu a kumbure, ni maƙwabcinsa ina kore masa ƙuda. Malamin auduga ne na En'e, hukumar gargajiya, a Kankiya. Ya yi makarantar Midil, ya karanta littattafan soyayyar Turawa guda biyu, ɗaya ma ƙarshensa a yage, sai ya ƙudura rubuta nasa da Hausa: ɗan boko mai surutu da Bafulatana marar magana. Da yake mutum ne mai bincike, ya je rugar bayan Bauranya ya auro Inno, don ya ga abin da idonsa.

Ta zo da shanun da mahaifinta ya ba ta. Littafin ya cinye su ɗaya bayan ɗaya: takarda, tawada, mota zuwa wurin wani Bature mai buga littattafai, wanda ya ce labarin ya yi kyau, amma mutanen ƙasar nan sun fi bukatar littafi a kan haƙa masai. Ta ƙarshe, wata farar saniya, ta tafi ranar kasuwar da ta wuce, wajen kuɗin alluransa.

Babi ɗaya ya rage, inda yarinyar za ta buɗe baki ta ce tana son malamin. Dawuda ya rantse ba zai rubuta ƙarya ba, sai ya ji daga bakin Inno. Ita kuwa ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba.

Ta shigo da ƙwaryar fura, ta durƙusa bakin ƙofa.

Ya ce, "Inno, ga shaida. Ki faɗa sau ɗaya, in rubuta, in huta."

Na ce, "Malam, bari in fita." Duk Kankiya an san Bafulatana ba ta irin wannan magana gaban wani namiji.

"Zauna, Labaran. Ilimi ba ya tabbata ba shaida."

Ta dubi ƙasa. "Malam, furar za ta tsinke."

"Ba fura na tambaye ki ba."

"Na sa citta yadda kake so."

"Ka ji ko? Tun ina da haƙora nake neman magana ɗaya, ana ba ni citta."

Ta tura ƙwaryar kusa da hannunsa. Matata ta gaya mini da safe, sauran nonon farar saniyar ne, Inno ta adana shi ta hana kanta. Na buɗe baki in faɗa, ya ɗaga mini hannu, ya juya ga bango.

"Ka shaida wa masana," ya ce, "binciken bai kammala ba."

Kafin la'asar ya cika. Furar na nan, ƙuda na bin bakin ƙwaryar.

Inno ba ta yi kuka ba, matan unguwa kuma suka lura da hakan. Wanta Bube ya zo ya ce rugarsu za ta yi kudu kafin masu jangali su iso, ta tashi su tafi.

"A ɗakinsa zan yi takaba," ta ce.

Suka tafi.

Ranar sadakar uku dole a dama wa masu zaman makoki fura. Ta kan danga na ga ta kira wata mai tallan nono daga Sukuntuni. Inno, wadda ta girma tana zubar wa karnuka tsala, ta zare munduwar azurfarta ta ajiye a kan faifai. Mai nonon ta dubi turken da ba saniya, ta fara awo da ludayi.

Inno ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu, fuskarta na kallon zaure.