Farar Ƙasa da Ƙashin Miya

Shekarar da gwamnatin farar hula ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, mutanen Boɗinga dariyar takaici suka yi, don aljihun da za a tsuke babu komai a cikinsa. Kamfanin da ke gina gidajen ma'aikata a bakin hanyar Sakkwato ya kwashe motocinsa ya bar gine-gine babu rufi. Sodangi, mai tsaron sito, yana cikin waɗanda aka sallama. Bai fasa fita da safe da riga a goge ba. Tasha yake zuwa ya wuni, da la'asar ya dawo hannu rabbana.

Matarsa Zulaihatu ita ta san abin da ke cikin tukunya. Azumi ya faɗo cikin damina, daminar kuwa ta yi rowa, gero ya tsaya iya gwiwa yana murɗewa. Kwanonin jerenta sun bi dillaliya ɗaya bayan ɗaya. Da suka kusa ƙarewa aka koma tuwon dusa da ganyen tafasa, har yaranta uku suka daina tambayar yaushe za a yi fura.

Cikin goman ƙarshe, Uwani mai daddawa ta kawo saƙo daga Lambara, can ƙasar Shagari. Inna Hajjo, mahaifiyar Zulaihatu, ta fasa tsohon rumbun da marigayi mijinta ya bari. An sussuka, ta cire na bakinta, buhu guda ya saura. Ta ce kuma tana nan tafe washegarin Sallah.

Buhu guda na gero! Da dabara irin ta Zulaihatu zai kai su kaka. Idan babu shi, ita kanta ba ta san abin da za ta ɗora a murhu bayan Sallah ba.

"Ki hwaɗa mata," in ji Sodangi, idonsa a ƙasa. "Amma don Allah kak ki bari ta shigo ta ishe mu hakan ga."

Bai ma buƙaci roƙo ba. Wace 'ya ce za ta tarbi uwarta da baƙin bango da tuwon dusa, lokacin Sallah guda? Zulaihatu ta tsara abinta tsaf: Inna ta zo ta huta, ta ci ta sha cikin mutunci, in hira ta yi daɗi sai a gangaro kan maganar hatsi. Tsari ne mai kyau, babu wanda zai kushe shi.

Da azumi a bakinta ta je rafi ta haƙo farar ƙasa, ta jiƙa, ta shafe ɗaki da tsumma har sai da ya yi fes. Ta jiƙa makuba ta sake daɓen ƙasa. Kwanonin da suka rage ta dirje su da toka, ta juya ɓangaren da ya fashe wajen bango. Inda jere ya yi giɓi ta kife ƙoruka ta lulluɓe da mayafin aurenta, tsayin ya koma yadda Inna ta bar shi. Lokacin zaɓe ne, ko'ina hotunan 'yan takara. Ta sa aka ɓanɓaro mata su, ta juya farin bayansu, ta yanka musu baki kamar haƙoran zarto ta shimfiɗa a kan kantar jeren. Wannan kaɗai ne amfanin da gidan ya taɓa ci na 'yan siyasa.

Girki kuwa, nan ta nuna ita 'yar Hajjo ce. Babbar kwallar jerenta ta ƙarshe ta tafi a madadin tsakin shinkafa da ɗan manja a gindin kwalba. Mahauci ya ba ta ƙashin da aka riga aka kankare da ɗan yankin kitse. Ta tsinto albasar da 'yan lodi suka ware don ta fara ruɓa, ta yanke ɓatattun wuraren. Ranar Sallah suka lallaɓa da ɗan abin da maƙwabta suka aiko, ba ta taɓa shinkafar ba.

Washegari ta fasa ƙashin a turmi don ɓargo ya fito, ta bar shi yana ta tafasa. Ta narka kitsen, ta soya albasar a ciki har ƙamshi ya tsallake katanga. Ta daka busasshen tumatir da daddawa, ta zuba suren da ta tsinko a bayan makaranta. Manjan ba ta sa shi ba sai da ta sauke, don ya taso sama ya yi ja, mai gani ya ɗauka miyar iyo take a mai. Yaran ta cika musu ciki da tuwon dusa tun da hantsi, ta tura su yawon Sallah, kada idonsu ya tona mata asiri.

Inna Hajjo ta sauka a motar kasuwa wajen azahar. Ta rame, zanenta ya koɗe, amma Zulaihatu ba ta tsaya lura ba, hankalinta yana kan ko wani abu ya karkace a jere. Sodangi ya zo da gogaggiyar rigarsa ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ya aiki?" in ji tsohuwar.

"Da godiya, Inna," ya ce, ya sulale.

Tsohuwa ta zauna a tabarma tana bin ɗakin da kallo. Ta shafa bango, ta dubi hannunta. Aka buɗe mata akushi, farin tuwo malmala uku da jar miya. A gidan suruki take, saboda haka loma kaɗan ta yi ta janye hannu. Zulaihatu ta gyara zama. Lokacin maganar ya yi.

Sai ta ga Inna tana share ido da bakin mayafi.

"Inna, lahiya? Mi af faru?"

"Lahiya lau. Daɗi na." Ba ta kiran sunan Zulaihatu, 'yar fari ce. "Ke wagga, na tahi Kajiji cikin azumin ga, gidan ƙanwarki Rakiya. Abin da nig gani ban iya hwaɗi nai. Ɗiyanta gashi ya yi ja, ƙaramin ko kuka bai iyawa. Mijin tun da yat tahi cin rani ba a sake jin ɗuriya tai ba."

Inna ta ci gaba.

"Tun da anka hwasa rumbun ga ban barcin kirki. Buhu guda, ɗiya biyu. In na raba, ba wadda za shi kai kaka. Nic ce bari in zo in gani da idona, don ke ba ki hwaɗin damuwarki. Dut hanya gabana na hwaɗuwa. Sai nis shigo nig ga ɗaki, nij ji ƙamshi." Ta yi dariya cikin hawaye. "Ashe guda cikin ɗiyana ta tsira. Allah shi yi ma maigidanki albarka. Hatsin ga dut Rakiya za ni kai ma."

Maganar tana nan a bakin Zulaihatu, a shirye. Hannu ɗaya za ta miƙa ta yaye mayafin nan, ƙoruka su bayyana. Amma in ta yaye, daga bakin yaron da ba ya iya kuka za a ɗebo mata, kuma tsohuwar nan da ta samu abin farin ciki guda ɗaya tak a shekarar za ta koma Lambara ba shi. Haushin hannuwanta ya kama ta, da suka iya aiki har haka.

"Haka ya kamata, Inna," ta ce.

"Na san ba ki ƙi. Sauran tuwon ga ma juye mini shi, in biya da shi Kajiji. Su ɗanɗana Sallah su ma."

Ta juye. Ta kankare tukunyar miyar har ƙasa ta haɗa mata, ta ɗaure a tsumma, ta raka ta tasha. Inna tana ta sa albarka har mota ta tashi.

Da ta dawo ta iske Sodangi tsaye a tsakar gida, ya tuɓe rigar ya rataye. Daga waje ana jiyo muryar yaran, sun dawo daga yawo, kuma ta san da abin da za su fara tambaya.

"Kin hwaɗa mata?" ya ce. "Mi tac ce?"

Zulaihatu ta dubi murhu, wutar ta mutu.

"Ta ce ɗakinmu ya yi kyau."