Guntun Tekun Auta

"Mama, ina tekuna?" Auta ta tambaya, kanta a ƙarƙashin gado, ƙafafu a waje.

"Ni mai gadin teku ce?" in ji Anti Darakta, tana gyara gilashinta wanda ba likitan da ya rubuta mata.

Daraktar ma ita ta naɗa kanta. Lesin take yi wa yara a falonta, benci biyu da allo, sai ƙwallon duniya mai tsada a saman kabad, har yau cikin ledarsa. Yaro ya kalla, amma ya taɓa ya sha rankwashi.

Damuwarta ɗaya, dattijon gidan da ke jikin nata, Baba Mai Fenti, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta allunan shaguna. Da hannu ya fara rawa, sai ya zana taswirar duniya a falanki, ya sa zarto ya yanka ta gunduwa-gunduwa, ya raba wa yaran layin. Kowa ya shafa wa nasa launi, ya tafi da shi gida. Ran Asabar su taru a barandarsa su haɗa. Yaro ɗaya ya ƙi zuwa, duniya da rami za ta wuni.

"Wannan mene ne?" sai ya ɗaga guntu.

"Ɓangare!"

"Na me?"

"Na duniya!"

Ihun har falon Anti. Ita kuwa tun yaushe take koyar da rabi da kwata, ba a taɓa yi mata ihu ba sai na an tashi. Abin da ya fi ci mata rai, Auta, 'yar cikinta, magana ɗaya biyu sai "Baba ya ce". Ranar da ta iske yarinyar tana barci rungume da shuɗin katakon nan na teku, ta zare shi a hankali ta cusa bayan kabad.

"Mama, jikin Baba ya yi tsanani. Ya ce mu haɗa masa yau ya gani."

"Yau Talata. Zauna ki yi aikinki. Ilimi ba wasan kafinta ba ne."

Auta ta fice ko takalmi babu.

Anti ta je goge taga, tagar da aka goge da safe. An fito da Baba barandarsa, an jingina shi da filo, ya zama kamar tsinke. Yara sun durƙusa suna gardama.

"Kai, hamadarka a kife take!"

"Taka ce a kife, mai ƙaton kai!"

Duniya ta haɗu, sai rami ɗaya a tsakiya.

"Ina mai teku?" Da ƙyar muryar tsohon ta fito.

"Ya ɓata, Baba." Auta ta fashe da kuka.

"To share hawaye. Zo ki zauna a wurin, mu ga ko kin kai."

Ta shiga ramin ta zauna, yara suka tafa, tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Anti ta saki labule. Gobe za ta kai katakon, amma sai bayan lesin, kada a ɗauka wani ne ya aike ta.

Ba a kai ga lesin ba. Da safe kukan matarsa ya tsallako katanga.

Anti ta zaro katakon, ta kakkaɓe yanar gizo, ta ɓoye shi a cikin mayafi. Mata sun cika barandar, kowa na raɓawa ta gefen taswirar, ba wanda ya iya kwashe ta.

"Sannu, Darakta," matar ta riƙe mata hannu. "Jiya ma ya yi zancenki. Ya ce in roƙe ki kada ki yi wa yarinyar faɗa, ba da gangan ta yar ba."

"Allah ya jiƙansa," in ji Anti.

Ta zauna bakin tabarma, kusurwar katakon na sukar haƙarƙarinta. Auta na can tsakiyar duniya, ta haɗe gwiwa da ƙirji, tana kankare busasshen fenti da farce.