Clifford a Bayan Rumfar Shayi

Shekara arba'in da ɗaya ina auren Clifford Ormerod, ban taɓa ganin ya zauna ya shanye kofin shayi a wuri ɗaya ba. Ranar Lahadin nan kuwa abin ya ƙazanta. Tun asuba yake leƙa taga yana duba hadari, ya shiga kicin, ya fito, ya sake shiga.

"Glenys, kina ganin za mu iya da su?"

"Ni ce zan riƙe sandar? Matsa mini in soya ƙwai."

Ni ma na damu, ɓoyewa kawai nake yi. Ɗanmu Warren shekara goma sha biyar yana yi wa gundumarmu wasan kurket, wanda ake jefo ƙwallo a doke ta da sanda, kuma kulob ya riga ya gaya masa bana ce ta ƙarshe. Wasan ranar na sili ɗaya ƙwale ne. In mun ci, akwai wani a gaba. In an cinye mu, Warren ya rataye sandarsa ke nan.

Ga shi an haɗa mu da mutanen Kudu, waɗanda gajeren wasa ya zame musu tuwo da miya. Kowane ɓangare ƙwallo ɗari da ashirin kacal ake jefa masa, su kuwa dukan kawo wuƙa suke yi tun daga ta farko. Warren ɗan dogon wasa ne, irin na kwana huɗu, mai haƙurin tsiya, wanda zai wuni yana tare ƙwallo har mai jifa ya gaji. Jarida ma cewa ta yi mu je dai mu sha rana.

Suka fara, suka tara maki ɗari da tamanin da takwas. Muka shiga, kafin ka ce kwabo an fitar mana da masu bugu uku. Clifford ya miƙe, ya zauna, ya cire hula, ya mayar. Tsoho Pickersgill, wanda kujerarsa ke kusa da tamu tun Warren na goye, ya ce, "Kai Ormerod, ƙuma ce a wandonka? Ka tare mini fili!"

"Bari in samo mana shayi," in ji Clifford. Ya ajiye hularsa a kujera ya sauka.

Rumfar shayin tana bayan benen 'yan kallo, inda ba abin da za ka gani sai bango da kwandon shara. Yana cikin layi aka fitar da na huɗu. Warren ya fito yana ɗingisa gwiwarsa da ta daɗe tana damunsa. Ƙwallon farko da aka jefa masa, yaron da ban taɓa ganin ya yi gaggawa ba ya ɗauke ta sama, ta tsallake igiyar iyakar fili ta faɗa cikin motoci. Maki shida ke nan; da a ƙasa ta gangara ta taɓa igiyar, huɗu ne. Fili ya ɗauka da sowa.

Na kira Clifford a waya. "Maza ka zo, ɗanka ya haukace!"

"Shi ne ya buga wannan?"

"Shi ne mana! Hawo!"

Sai ya ce, "Ina nan lokacin da ya buga ta. Ba zan motsa ba."

Haka mutanen kurket suke. In naku ya kama bugu, kowa ya tsaya inda yake, wanda ke tsaye kada ya zauna, wanda ya harɗe ƙafa kada ya warware. Shekara arba'in ina yi musu dariya a kan wannan shirme.

"Clifford, kada ka ba ni haushi. Wataƙila yau ce ta ƙarshe!"

"In na tsaya muka ci, ai zan gan shi a wasa na gaba. In na hawo aka fitar da shi fa, da wane ido zan dube shi?"

Ya kashe wayar. Mutumin da ba ya iya zaman minti biyu, shi ne ya kafe a gaban kwandon shara da kofin shayi biyu a hannu.

Warren ya kai talatin, ya kai hamsin. Mutanen Kudu suka fara taruwa suna ƙus-ƙus, suna canja masu jifa. Bayan kowace ƙara sai wayata ta yi kuka.

"Mene ne? Huɗu ko shida?"

"Huɗu. Ta gefen hagu."

"Gwiwar fa?"

"Zo ka tambaye ta da kanka!"

Na ce wa Pickersgill zan sauka in jawo shi da kunne. Tsohon ya damƙe hannun rigata. "Ke ma kin fara? Zauna, baiwar Allah!" Ya sake ni nan take, ba wanda ya ɗaure ni. Taku sittin ne tsakanina da mijina, kuma na san in na tsaya a gabansa na daka masa tsawa zai biyo ni. Amma jakata tana kan cinyata tun bugun farko, na kasa ko sauke ta. Ƙafata ta yi tsami don zama, na bar ta yadda take. Ashe ni ma tsoron nake ji.

Aka zo ƙwallon ƙarshe muna neman huɗu, Warren na da saba'in da tara. Ya buga ta sama sosai. Kowa ya bi ta da ido. Wani dogo daga cikin mutanen Kudu ya ja da baya, ya ja da baya, ya cafke ta saura taku ɗaya ta wuce igiya.

Shi ke nan, an cinye mu. Mutanen Kudu, Allah ya ba su lada, suka yi sahu biyu suna tafi, Warren ya ratsa ta tsakiyarsu. Duk filin ya miƙe. Ya cire hular kwanonsa, ya juyo wajen kujerunmu, ya ɗaga sanda. Ya gan ni. Ya dubi kujerar da ke gefena, ya ga hula. Sai ya sauke sandar a hankali.

A bayan bene muka sami Clifford, ni da Warren. Shayin ya huce a hannunsa, bai kurɓa ba.

"Baba, ina ka shiga? Na duba ban gan ka ba."

"Ina nan tun shidan farko," in ji Clifford. "Ko ƙafa ban ɗaga ba, ɗana. Wallahi ban ɗaga ba."

Warren ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya rungume uban, shayin ya zube musu a takalma.

A mota Clifford bai tayar da inji ba. Ya riƙe sitiyari, ya zauna ko motsi babu, irin zaman da ban taɓa gani ba.

"Glenys, ke kin gani duka?"

"Na gani."

"To faɗa mini. Daga fitowarsa za ki fara. Kada ki tsallake ko ɗaya."