Gyaran Laraba

A bakin ruwan Água de Meninos, a birnin Bahia inda jiragen ruwa suka kai bayi daga ƙasar Hausa, akwai wata rumfa da 'yantattun Hausawa masu sayar da hatsi suke taruwa. Ƙungiya suke kiran kansu, ko da yake, tsakani da Allah, tsofaffi goma sha ɗaya ne da benci biyu. Ba don ribar kanta aka kafa ta ba. Aikinta shi ne ta nemo wa masarar 'yan'uwa kasuwa a ƙetaren teku, musamman Ikko, inda jiragen Bahia suke kai taba.

A shekarar 1868 suka yanke shawara za su aika da samfur, ƙananan jakunkuna sittin, kowace mudu ɗaya. Kuma suka ce fatake ba sa sayen hatsi da ido kawai, sai an tura mai tuƙa tuwo su ɗanɗana. Nan fa duk idanu suka koma kan Laraba.

Laraba kuwa, mai tuwon bakin tashar jiragen ruwa, tana 'yar shekara goma sha biyu aka kamo ta daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Shekara arba'in ke nan kewar gida tana cin ta. Da Malam Mahmudu, shugaban ƙungiyar, ya faɗa mata, sai da muciya ta suɓuce daga hannunta.

"Amma ki ji da kyau," in ji Malam. "Ni da ke haihuwar can gida ne. Dokar ƙasar nan ta ce wanda aka haifa a can, in ya fita, ba ya dawowa. Tafiyar ɗaya ce."

To, ga inda gizo yake saƙa. Laraba tana da 'ya ɗaya, Asma'u, wadda ta haifa tun tana baiwa, har yanzu kuma baiwa ce a wani gida can saman gari. Ran Lahadi kawai ake barinta ta sauko ta ga uwarta.

Kwana uku Laraba tana tuƙa tuwo da gudaji, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga Ikko, aka ce, ayari yana tashi zuwa arewa. Takan ga kanta a cikinsa, ta ga kukar bakin ƙauyensu. Sai kuma ta ga Asma'u ta sauko ran Lahadi ta tarar da murhu ba wuta.

Rana ta huɗu ta je rumfa ta ce, "Malam, ku tura ɗanka Sulaimanu, shi haihuwar nan ne. In tuwo ne, ya nemi mata a can. Ni dai ku bar mini awo."

Ita ta auna jakunkunan nan duka. Kowace ta cika mudu ya yi tozo, sannan ta ƙara tafin hannu ɗaya ta ƙulle shi daban a kusurwar jakar, yadda uwarta take yi wa masu saye a kasuwar ƙauye.

"Haba Inna," in ji Sulaimanu, "samfur ne fa, kyauta za a raba. Wa ke yin gyara a kan kyauta?"

"Kai dai ɗauki kayanka, sarkin sani. Ni ban iya awo ba gyara ba."

Ran da jirgin ya tashi ba ta je tasha ba. Ta juya wa teku baya, ta yi ta kankare tukunyar da ba ta da datti.

Bayan wata bakwai Sulaimanu ya dawo, ranar wata Lahadi. Fatake uku sun yarda da masarar, tsofaffin rumfa sai murna. Shi kuwa ya wuce wurin Laraba, ya miƙa mata ɗaya daga cikin jakunkunan nata, cike.

"Wani tsohon falke ne a zango," ya ce. "Da ya ga ƙullin nan na kusurwa, sai ya ce, 'Wallahi 'yar gida ce ta auna wannan.' Ya ce ba a mayar da jaka wofi. Ya ce in gaishe ki, ko wace ce ke."

Ta kwance bakin jakar. Gero! Shi ma da nasa ƙullin a kusurwa. Ta cusa hanci a ciki, ƙanshin rumbun gidansu ya buge ta, ta fashe da kuka kamar yarinya, ko kunyar Sulaimanu ba ta ji ba.

Asma'u, da take zaune gefe, ta ɗebo 'yan ƙwayoyi ta jujjuya a tafinta.

"Inna, mene ne wannan? Abincin tsuntsaye ne?"

Tambayar nan ta fi tafiyar jirgin yi wa Laraba ciwo. Sannan ta ware ƙullin kusurwar ta soke a zaninta, na shuka ne. Sauran ta juye a turmi.

"Miƙo mini taɓarya," ta ce. "Ba za ki koma gidan mutanen nan ba sai kin sha furar garinmu."