Girkin 'Yar Fari

Ranar da na ce wa Yaya Lami ta shirya za mu mashaya, saura kaɗan ta jefe ni da ludayi.

"Atine, kanki ɗaya kuwa? Da girmana, da mayafina?"

Na ce, "Yaya, ba giya za mu sha ba. Girkin 'yarki za mu ci."

"'Yarki dai," ta ce, ta mayar da kai kan miyarta.

Haka take. Kausar ce 'yar farinta, mu kuwa a gidanmu na Kano uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, kai ko kallonsa ba ta cika yi ba. Alkunya ke nan. Yaya ta ƙunso abarta tun daga gida ta kawo Gaithersburg, nan kusa da Washington, duk aikin nas ɗin da take yi cikin Turawa bai rage mata komai ba. Ita kuwa Kausar a nan ta tashi, inda uwa ke sumbatar ɗanta a ƙofar makaranta kowa yana gani. Na yi mata bayani har bakina ya gaji. Sai ta ce min da Turanci, "Anti, ƙannena tana kiransu da suna, tana rungumarsu. Ni kaɗai ce 'yarinyar nan'."

Da Kausar ta ajiye karatun haɗa magunguna ta shiga aikin kicin, Yaya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Yarinya ta ɗauki shirun a matsayin fushi, ta kama ɗaki a cikin Washington, ta ɗauke ƙafa daga gida. Ni kuwa na san abin da na sani. Mai gidan da Kausar take wa aiki, Alexander, shahararren mai girki ne, har shiri gare shi a talabijin. Duk ranar shirin sai ka tarar da Yaya ta kafa kujera gaban akwatin, wai tana gyaran wake, alhali bayan mutumin take leƙe ko za ta hango wata mai ɗankwali ta gifta. In ta yi dambu sai ta ɗebi wani ta sa a firji, ya zauna har ya lalace. Kewar 'yarta na cin ta, wallahi a fuska ake gani.

A bazarar 2014 Kausar ta kira ni. Alexander zai buɗe sabon wuri a Seattle, can ƙarshen ƙasa, yana so ta je ta riƙe masa kicin. In ba ta so, ta zauna nan a matsayin mataimakiyarsa. Ranar Litinin zai ji amsa.

"Ba na son tafiya, Anti," ta ce. "Ki kawo Mama ranar Lahadi. In ta ci ta ce min ya yi, ko kalma ɗaya ce, zan zauna. Na gaji da jira."

Duk wannan na zayyana wa Yaya a mota, bayan mun yi azahar mun kama hanya. Na ce, "Don girman Allah, yau ɗaya ki ajiye kunyar nan a gida."

Ta ce, "Na ji."

Wurin mashaya ce, ba ƙarya, amma irin wadda abinci ya fi giya suna. Mutane sun yi layi har titi, ranar Lahadi tsaka da rana, kamar ana rabon wani abu kyauta. Muna shiga Yaya ta hango kwalabe jere a bango har sama, ta ja a'uziyya da ƙarfin da sai da wani mai gemu ya waiwayo. Wata ma'aikaciya mai fara'a, Pauline, ta kai mu wani lungu nesa da kwalaben. Ta ce Kausar ce ta zaɓa mana teburin da kanta, ta kuma ce a gaya mana naman daga shagon halal na garin Wheaton ta sayo shi, a sabon kasko ta dafa.

Yaya ta ce, "Hm."

Daga inda muke ana ganin kicin ta wata doguwar taga. Ga Kausar can cikin farar riga, ta ɗaure kai tam, tana ba wasu ƙattai umarni suna rawar jiki. Ta rame. Yaya ta juya wa tagar ƙeya, ta zauna tana fuskantar bango. Sai da na lura ashe akwai madubi a bangon, kuma idonta bai bar shi ba.

"Ba ta cin abinci ne?" ta tambaye ni ƙasa-ƙasa. "Dubi wuyanta."

Aka kawo haƙarƙarin rago, an gasa shi har yana zamewa daga ƙashi, an barbaɗe shi da yajin ƙuli, an ɗora kan 'yan ƙananan waina, ga wani romo a gefe. Ƙamshin daddawa ya doki hancina. Daddawa, a tsakiyar Washington, Turawa suna layi a kanta! Pauline ta ce ai shi ne abin da aka fi nema a gidan yanzu. Na kai loma ɗaya na fara santi, har da su "wayyo Allah".

Yaya ta gutsiri waina, ta dangwali romo, ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa. Na ga idonta ya kawo ruwa. Sai ta ajiye cokali, ta janye farantin gefe, don ta hango a madubi 'yar tana kallonta.

Can sai ga Alexander da kansa, dogo, duk fatar hannunsa zane-zane, ya riƙo Kausar ya kawo ta gabanmu. Kausar ta ɗan rusuna ta ce, "Mama, ina wuni," da Hausarta mai tsami. Yaya ta amsa wa gishirin da ke kan tebur.

Mutumin ya ɗora hannu a ƙirji ya shiga zuba yabo. Ya ce tunda yake bai taɓa samun mai hannu irin na yarinyar nan ba, ya ce yau ya ga inda ta gado. Sannan ya tambayi Yaya, da murmushinsa, ko tana alfahari da ita.

Na taka ƙafar Yaya a ƙarƙashin tebur. Kausar ta tsaya ƙyam, ta damƙe tsumman da ke hannunta.

Yaya ta gyara mayafi. Ta yi abin da kowace uwa mai mutunci za ta yi a gaban maigidan ɗanta a garinmu. Da Turancinta mai kyau, cikin ladabi, ta ce, "Mun gode da riƙon da kake mata. Ba ta san komai ba. Don Allah ka ci gaba da haƙuri da ita."

Innalillahi! A Kano wannan magana godiya ce, amana ce aka damƙa. A nan kuwa sai fuskar mutumin ta canja, ya rasa inda zai sa idonsa. Kausar ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda likita ya tabbatar mata da abin da dama take zargi. Ta ce a ci lafiya, ta juya ta koma kicin.

Na ce, "Yaya, me kika yi haka?"

"Me na yi? So kike in zauna ina kuranta ta a gaban baƙo, baki ya kama ta?"

Ko kallon farantin ba ta sake yi ba. Pauline ta juye mana shi a kwali, muka fito.

Muna shiga mota, ban ko tayar ba, na ji ƙarar kwali. Yaya ta naɗe hannun riga ta sa hannu. Ta cinye wainar, ta gwaigwaye ƙashin tas, ta suɗe romon da yatsa, hawaye na sauka har haɓarta. Raina a ɓace yake, amma tausayinta ya fi ƙarfina.

"Kira ta," ta ce. "Ki ce gishiri ya yi daidai."

Na kira. Kausar ta ɗauka, ana ta ƙarar tukwane a bayanta. Na isar da saƙo. Ta ce, "Anti, ba ta wayar. Ta faɗa min da kanta."

Na manna wa Yaya wayar a kunne. Ta riƙe da hannu biyu, hannun duk maiƙo. Ta buɗe baki, ta rufe. Ina jin numfashin yarinyar ta cikin wayar, tana jira, ba ta kashe ba. Wani ya ƙwala mata kira a kicin, ta ce masa tana zuwa, ta ci gaba da jira. Na yi ta yi wa Yaya alama da hannu kamar mahaukaciya. Daga ƙarshe muryar ta ce, a sanyaye, "Shi ke nan, Mama. Zan turo wa Anti adireshina na can." Layin ya katse.

Yaya ta sauke wayar kan cinyarta tana kallon ta.

"Ya fi nawa daɗi, Atine," ta ce. "Wallahi ya fi nawa. Ko Inna ba ta yin waina haka."

"To me ya hana ki gaya mata?"

Ta juyo ta dube ni, ido jawur.

"Da wane bakin?"

Na sa makulli zan tayar, ta dafa hannuna. Ta ce in ɗan dakata tukuna, ko yarinyar za ta fito shan iska.