Shirun Auta

Alawa ɗaya ake bin Inna, kuma tun ba ta narke a bakinta ba ta fara lissafin yadda za ta biya.

Matar da ke zaune a damarta ce ta ba ta, wata siririya mai tabarau. Ana kashe fitilu tari ya taso wa Inna, sanyin na'urar ɗakin ya shige mata ƙirji. Ta danne, ya ƙi dannuwa. Sai ta ji an taɓa ta a cikin duhu, an saka mata alawa a tafin hannu, an ma riga an ɓare ta. Matar ko kallonta ba ta yi ba, idonta na kan dandamali.

Tarin ya kwanta, hankalin Inna ya tashi. Ita ba ta kwana da kayan mutum. In maƙwabciya ta aiko mata da gishiri a cokali, gari na wayewa za ta mayar a ludayi. Ta aurar da 'ya'ya, ta binne miji, kuma har gobe ta san wanda ya zo gaisuwa da ƙafarsa da wanda ya yi aike. To yau ga baƙuwa. Ba ta san sunanta ba, ba ta san gidan ubanta ba. In an kunna fitila kowa ya kama gabansa, a ina za ta gan ta?

Yau ne Inna ta fara taka ɗakin wasan kwaikwayo. Autanta ya daɗe a cikin 'yan wasan, shi ne kafintansu. Shi ke haɗa musu ƙofa da taga, ya ja labule, ya kwashe kujeru. Duk sanda ya kawo mata tikiti sai ta ce ƙafa ke ciwo. Ƙafa lafiyarta ƙalau. Ita dai ba ta ga dalilin da ƙato mai sana'a a hannu zai ƙare a ƙera ƙofar da ba ta shiga ko'ina ba.

Wannan karon bai ajiye tikitin ya juya ba. Durƙusawa ya yi.

"Inna, sun ba ni fitowa. Ni da kaina, ba katakona ba."

"Me za ka ce musu?"

"Maganata ba yawa. Amma akwai wadda za ta zo daga babbar ƙungiya, mutum ɗaya take nema. In ta ɗauke ni, albashi ne duk wata."

Albashin ne ya warkar da ƙafar.

Da la'asar ya tare ta a bakin ƙofar ɗakin wasan, fuskarsa duk hoda. Idonsa ya faɗa kan jakarta.

"Inna, ƙwai nake ji."

"Dafaffe ne, ba zai ƙyanƙyashe ba. Na san tun safe ba ka sa komai a cikinka ba. Dubi wuya kamar mariƙin lema."

"Na roƙe ki. Nan ba gidan biki ba ne. In ana magana a kan dandamali ba a ci, ba a sha, ba a ɓare leda. Ko motsi mutum ya yi sai an ji."

"Ni za ka koya wa zama cikin mutane? Wa ya hana ka tauna in babba na magana, tun kana yawo ba wando?"

Ya yi dariya, ya riƙe mata hannu har layin gaba, kujerar da ya yi ta roƙon darakta kafin ya samu.

Kuma tsakani da Allah Inna ta kiyaye. Ana magana, ba ta motsa ba. Iyakar abin da ta gane, wasu 'yan gida ɗaya ne ke rigima a kan sayar da gida. Wani dogo ya fi kowa baki, shi ke ta ɗaga murya yana dukan tebur. Hannunta na cikin jaka a kan ƙwai, tana jira su numfasa, su kuwa kamar an ɗaura musu batir. Da Auta ya shigo ɗauke da kujera, ta ce a ranta, ai dama, nan ma dako suka ba shi.

Can sai suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Dogon ya buga ƙofa ya tafi. Fitilu suka mutu, saura guda. Auta kaɗai ya rage. Ya ja kujerar ya zauna yana fuskantar ƙofar da shi ya ƙera ta da hannunsa, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Bai ce komai ba.

Inna ta saurara. Ba ta yi gaggawa ba, ta ba su lokaci ko wani zai dawo da sauran magana. Ɗakin ya yi tsit, ko numfashi ba ka ji. Ta ce alhamdu lillahi, sun tafi shan iska, sun bar min yaro da gadin kaya kamar kullum.

Ta zaro ƙwai biyu. Alawa ɗaya aka ba ta, amma ita ba ta biya daidai wa daida, sai ta ɗora. Kuma tunda ɓararriya aka ba ta, ai rashin ta-ido ne ta miƙa wa mutum ƙwai da ɓawonsa. Ta laluba hannun kujerarta, na katako ne mai kyau.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

A kan dandamali Auta ya ɗago kai firgigit. Ya miƙe rabi, idonsa a kan ƙofar, kamar wanda aka ƙwanƙwasa wa.

"Bismillah, 'yar nan," in ji Inna. "Akwai gishiri a takarda."

A ganinta raɗa ta yi. Amma muryar da ta saba kiran yara daga ƙarshen layi ba ta san raɗa ba. Wani a baya ya tuntsire da dariya. Na kusa da shi ya kama. Kafin ka ce me, ɗakin ya ɗauka.

"Mama, a miƙo nan ma!" wani ya ce daga sama.

Matar mai tabarau ta ɗora yatsa a leɓe. Inna ta ɗauka kawaici ne, ta kamo hannunta ta danƙa mata ƙwan a tafi, yadda ita ma aka yi mata. Sannan ta ɗaga ido.

Auta ya daina kallon ƙofa. Layin gaba yake kallo. Ta ga bakinsa ya motsa, ya faɗi wata magana gajeriya, dariya ta haɗiye ta. Ya tsaya nan hannuwa a sake, har wani ya ja masa labule.

Da suka fito gaisuwa aka yi tafi sosai. Dogon ya sha nasa. Da aka zo kan Auta sai wani shaƙiyyi ya ƙwanƙwasa kujera sau uku, aka sake fashewa. Auta ya sunkuya kamar kowa, ya koma ciki.

Aka kunna fitilu. Kujerar dama ba kowa. Ƙwan na nan a hannun kujera, an shimfiɗa masa 'yar takarda, ko cizo ba a yi ba. Inna ta daɗe tana kallonsa. Ba a taɓa mayar mata da biya ba. Ta naɗe shi ta saka a jaka.

A waje ta tsaya jikin ginshiƙi tana jiran Auta. Wani mai tumbi ya fito yana share gumi, ana ce masa darakta. Ya gan ta, ya ƙaraso, ya ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, Mama. Ke ce mahaifiyar kafinta?"

"Ni ce. Yaya aka yi kuka tafi kuka bar shi shi kaɗai, ba ku ba shi abin faɗa ba?"

Ya sake share gumi, ya sassauta murya. Da ganinsa an yi masa tarbiyya.

"Mama, ai wurin da ya yi shirun nan, shi ne wasan. Watanni muka yi muna gina shi. Duk cikinsu ba mai iya zama haka mutane su kasa numfashi sai ɗanki."

Bai jira amsa ba, ya wuce wajen wata mota. Inna ta bi shi da kallo. Mai tabarau ce a tsaye a jikin motar, tana magana da dogon nan mai dukan tebur. Ta miƙa masa ɗan kati, ya karɓa da hannu biyu.

Nan ƙafar ta yi ciwon gaske. Duk da haka ta gyara mayafi ta nufi wajen matar. Ta sha zuwa ban haƙuri a rayuwarta, ta san yadda ake yi. Za ta ce laifinta ne, tsohuwa ce, ba ta sani ba, a sake ba yaron dama ya zauna ya yi shirunsa, ita za ta tsaya a waje. Sai ta ji an riƙe mata wuyan hannu.

"Bari, Inna," in ji Auta. Ya wanke fuska, saura hoda a bayan kunne. "Sau ɗaya take kallo. Mu je kar mu rasa mota."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ta samu abin kamawa. Ya karɓi jakar ya rataya, ya tare musu bas, ya samo mata wajen taga, ya ce wa kwandasta a bi a hankali da tsohuwa.

Inna da ba ta shiga mota ba tare da ta ji farashin tumatir a bakin kowa ba, yau har aka wuce kasuwa ba ta ce uffan ba. Sai da aka tsaya a danja ta yi magana, ba ta kalle shi ba.

"Wa kake jira a ƙofar?"

"Yaron cikin wasan, uwarsa yake jira. An ce masa yau za ta zo."

"Ta zo?"

"A wasan ba ta zuwa." Ya ɗan murmusa. "Yau ne dai ta ƙwanƙwasa."

Ba ta yi dariya ba.

"Me ka ce a ƙarshe? Na ga bakinka ya motsa."

"Ba wanda ya ji."

"To faɗa min yanzu."

Ya kalli titi ta saman kanta.

"Ba ta faɗuwa haka, Inna. Sai an yi shirun tukuna." Ya shafa ciki. "Ina ƙwan nan? Yunwa nake ji."

Ta ba shi na matar, ɓararren. Ya ci a loma biyu, bai nemi gishiri ba.

Inna ta kama bakinta. Tari ya taso, ta danne shi da gefen mayafi har idonta ya kawo ruwa. Suka sauka, mai shago ya gaishe ta, ta ɗaga masa hannu kawai. Suka bi layi, suka shiga gida. Ta zauna a bakin gado ta ɗora hannuwa a gwiwa yadda ta ga ya yi, tana kallonsa, tana jira. Ta tabbata shirun da ta tara daga danja zuwa nan ya fi wanda ta fasa, ta ma ɗora.

Auta ya rataye jakar a ƙusa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya juyo, bakinsa ya motsa.

"Ki sha maganin tarinki, Inna," ya ce, ya ja mata ƙofar.