Kalmar da Ta Rage wa Direba

"Baba Kambai, in ka sa shi ya shiga mota ran Asabar, filin bayan gida naka ne. Ka shanya citta yadda kake so."

Chinedum ne ya faɗa, makullin mota a hannu. Kambai ya ɗan yi jim kamar abin ya yi masa nauyi, alhali tun bara yake leƙen filin nan ta kan katanga. Ya miƙa hannu suka tafa.

Wanda za a sa a motar shi ne mahaifin Chinedum, Baba Onyekwere, tsohon direban jirgin ƙasa. Tun yana saurayi reluwe ta kawo shi Kafanchan, ya auri Serah 'yar Kagoro, ya binne ta a nan. Da ciwon ɓarin jiki ya kayar da shi, Hausa ta tafi, Ibo ya tafi, Turancin ma ya kwashe kayansa, sai kalma ɗaya tak ya bar masa: fain. Yanzu 'ya'ya sun ce a mayar da shi ƙauyensu na gabas tun yana da rai. Shi kuwa da ya ga jaka sai ya ƙanƙame ƙarfen gado da hannun mai lafiya.

Maƙwabcinsa Kambai ne kaɗai ke jin yaren. In tsohon ya ja kalmar, kunun ya yi daɗi. In ya datse ta, a kawo fo da sauri. In Fasto ya gaishe shi, fain tana nufin lafiya lau, kada addu'a ta yi tsawo. Akwai kuma wata mai fitowa ta hanci, wadda yake ajiye wa Kambai in ya yi maguɗi a dara. Zagi bai kai ta zafi ba.

"Oga Direba, yaron nan ya kawo mota mai sanyi. Ka je ka ga gida mana," in ji Kambai.

"Fain." Ta hancin ce.

"Kar ka zage ni. To, fili aka ce za a ba ni, ka ji. Kai kana shanya wani abu a wurin ne?"

Rabin bakin tsohon ya yi dariya. Sai ya ɗaga hannu ya shafa gemunsa, ya nuna hoton Serah a bango.

Kambai ya fita ya sami Chinedum. "A yi masa aski. Yana so ya yi sallama da Mama. In ya yi, zai shiga mota." Har ga Allah haka ya fahimta.

Juma'a da safe suka ɗauki keke napep zuwa maƙabarta. An yi ruwa, duwatsun Kagoro sun yi kore shar, hazo na kwance a ƙugunsu. Suka zaunar da tsohon a kujerar roba, sanye da tsohuwar rigarsa ta reluwe. Ya ɗora tafin hannu a kan simintin kabarin, ya daɗe. Sannan ya ɗaga kai ya dubi wani wuri sama da kawunansu, fuskar da ta karkace ta miƙe sarai.

"Fain," ya ce, a hankali.

Kambai ya matso kusa da shi.

"Me ya ce?" in ji Chinedum. "Ya yarda?"

Da Kambai ya ce e, da magana ta ƙare. Amma bakinsa ya ƙi.

"Ɗana, wannan ban taɓa jin ta ba. Ba da mu yake ba."

Chinedum ya durƙusa. "Papa? Papa!"

Kambai ya cire hula.

Dangi sun yi ta bugo waya daga gabas, a kawo gawa gida kamar yadda aka saba. Chinedum ya ce Papa da kansa ya je maƙabartar, shi ba zai ɗaga shi ba. Aka haƙa kusa da Serah.

Masu lissafin riba a unguwa sun ce Direba ne ya ci, ya yi wa mutum biyu wayo da kalma ɗaya. Kambai ya rasa fili, ya rasa abokin dara. Chinedum kuwa ya kama hanyar gabas shi kaɗai, matashin kai guda biyu da ya jera wa mahaifinsa suna kujerar baya, bai sauke su ba.